Embaye da Dutsen Mika'ilu

Embaye ya girme ni da damina biyu, amma tare muka yi kiwon awaki, tare kuma aka kai mu gaban malamin coci. Shi ya fito da Zabura a ka, ni na fito da tabon bulala. Garinmu Adi Hawesi a kan tsauni yake a wancan lokaci, cocin Mika'ilu kuma can ƙololuwa, cikin kurmin dogayen itatuwan tsihdi da na zaitun. Mahaifin Embaye ne mai gadin cocin, kakansa ma haka, saboda haka ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da zai zama. Aikin ba mai suna ba ne. Ka buɗe ƙofar waje, ka share farfajiya, ka kori awaki, ka hana mutane taɓa itacen kurmi, sannan ka buga dutse.

Duwatsun biyu ne, dogaye masu faɗi kamar allo, an rataye su da igiyar fata a jikin wata azara daga gabas da cocin. Su ne ƙararrawarmu, ba wanda ya san wanda ya rataye su. Muna kiransu Uwa da 'Ya. 'Yar muryarta siririya ce, ba ta wuce gidajen gari. Uwar kuwa tsawonta kamu huɗu, in an buge ta da sassafe sai muryar ta gangara kwari ta hau wancan tsaunin, har mutanen Adi Zeray su ce mun hana jariransu barci. Akwai wani ɗan gurbi a tsakiyarta, inda hannuwa suka daɗe suna bugu da ƙaramin dutse, ya yi sumul kamar cikin cokali. In ka kauce masa da yatsa biyu, sautin ya canja. Mu ba ma gane bambancin. Embaye yana ganewa.

Mutum ne dogo, mai sunkuyawa a kowace ƙofa, maganarsa kaɗan. Bai iya fushi ba sai a kan itace. Itacen kurmin coci na mai cocin ne, ko reshen da iska ta karya ba ya shiga murhun kowa, a nan zai ruɓe in cocin bai bukace shi ba. Wata shekara da sanyi ya tsananta, ƙanena ya ɗauko busasshen reshe guda a ƙarƙashin mayafi. Embaye ya biyo shi har gida, ya zauna ya sha gahawa zagaye uku kamar yadda aka saba, ya sa wa gidan albarka, sannan ya miƙa hannu cikin murhu ya zaro reshen da wuta a bakinsa ya koma da shi. Mun yi wata biyu gaisuwarmu gajeriya ce. Matarsa Medhin ta rasu kafin yaƙi, 'ya'yansa mata biyu suna aure a birni.

Da yaƙin iyaka ya zo, motoci aka kawo aka kwashe mu. Limaminmu Keshi Beraki ya naɗe tabot, allon alkawarin nan da in babu shi coci gini ne kawai, ya ɗora a ka ya haye da shi cocin Maryamu na Adi Zeray, aka ba shi masauki a can a matsayin baƙo. Embaye ya ƙi shiga mota. Kwana goma sha ɗaya ya yi shi kaɗai, yana buga dutse kowace safiya ga garin da ba kowa. Sannan harsashin igwa ya sauka a kusurwar gabas ta cocin. Sojoji ne suka tsince shi suka kawo mana shi sansani, jini ya bushe a wuyansa. Kunnen hagu bai sake ji ba.

Shekara uku muka yi cikin tantunan leda. Da aka ce mu koma, ba mu koma sama ba. An ce akwai nakiyoyi a gonakin tsauni, famfo kuma a gindin tsaunin aka kafa shi, bakin hanya, sai kowa ya yi gini a nan. Ni da Embaye muka hau ranar da aka buɗe turbar. Rabin rufin cocin ya rufta. Damina uku ta yi ta zuba a kan zanen bango, Mika'ilu ya rage ido ɗaya da takobi, ma'aunin da ke hannunsa ya wanke. Tattabaru sun yi sheƙa a ɗaki mai tsarki, inda ni ban taɓa leƙawa ba a rayuwata, ga shi yanzu a buɗe ko jaki ya gani. Na kau da kai. Yaran sojoji sun zana sunayensu da wuƙa a jikin ƙofa, ko namu ko na wancan ɓangaren ban sani ba, sunayen duk iri ɗaya ne. An sare kurmin daga gefe, saura tsihdi ashirin da uku da zaitun tara. Embaye ya ƙirga su sau biyu.

'Yar mun same ta a tarwatse cikin ciyawa. Uwar kuwa babu ita, babu ɓarɓashinta. An yanke igiyar da wuƙa, yanka mai kyau.

"Dutse mai kamu huɗu ba ya tafiya shi kaɗai," in ji Embaye. "Rufin rami suka yi da ita."

Ramukan sojoji sun kewaye tsauninmu kamar ɗamara, tafiyar wuni guda in za ka bi su duka, kuma an jera musu duwatsu, an rufe wasu da fala-falan duwatsu. Embaye ya zaɓi wani ɗan dutse mai cika tafin hannu ya sa a aljihu. Daga ranar, in ya gama share farfajiyar cocin da ba mai zuwa, sai ya shiga ramuka. Ya ƙwanƙwasa wannan, ya kara kunnen dama, ya matsa gaba.

A ƙasa kuwa an yi wata rumfar kwano ana addu'a a ciki, an rataye ɓawon harsashin igwa a jikin bishiya ana bugawa. Sautinsa kamar an yar da tukunya. Keshi Beraki ya ce tabot ba zai dawo sama ba sai an yi rufi kuma akwai jama'a. Jama'a suka ce ba za su hau tsauni don cocin da ba tabot ba. Embaye bai yi musu da kowa ba. Ni kaɗai ya gaya wa, wata rana muna zaune a kan katanga, cewa mutane ba maganar Keshi suke bi ba, murya suke bi, kuma ƙafar da ta saba amsa kira ba ta mantuwa. Sai ya ƙara wata maganar. Ya ce kunnen daman ma ya fara mutuwa, kamar ana zuba masa yashi kaɗan-kaɗan. Likita a birni ya duba ya ce ba abin yi, shekara biyu ko uku ne. Ya ce yana so ya ji Uwar sau ɗaya tukuna.

Ba a bar shi ya huta da ba'a ba. In ya wuce ɗakin da ake sayar da suwa, giyarmu ta sha'ir, sai wani ya ɗaga murya:

"Aboy Embaye, yau duwatsun sun amsa gaisuwa?"

"Sun fi ku ladabi. In ba su da abin faɗa shiru suke yi."

"Ka shigo ka ƙwanƙwasa kan Weldu, wallahi yana ƙara."

"Na sani. Abin da ba kowa a ciki ai dole ya yi ƙara."

Shekara biyu da rabi yana wannan. Sau ɗaya ya taka kusa da nakiya, makiyaya suka nuna masa bayan ya wuce. Akwai abin da ni da shi muka sani ba mu faɗa ba: dutsen nan sai a rataye yake magana. In ƙasa ta danne shi, ko gini ya riƙe shi, ka buga duk yadda ka so, ba shi da bambanci da kowane dutse. Yana iya yiwuwa ya buge ta sau goma ya wuce. Amma mutum yana bukatar inda zai nufa da safe.

Ba a rami ya same ta ba. Ranar Mika'ilu ta kowane wata muna da ƙungiya, mu goma sha biyu, ana zagaya gidaje ana cin gurasa ana shan suwa da sunansa. Watan nan ya faɗo kan Adey Tsirha, gwauruwa, wadda gidanta ke ƙarshen sabon gari. Ɗanta Kibrom ne ya gina mata shi da muka dawo, ginin dutse mai rufin ƙasa, ya gama ya koma bakin aikinsa na soja, daga nan takardar mutuwarsa ce ta zo. Embaye bai taɓa shiga gidan ba, domin zagayen baya yana kwance da zazzaɓi. Ƙofar gajeriya ce. Ya sunkuya zai shiga, ya ɗaga hannu ya dafa abin da aka gicciya a kan ƙofar don kada ya bugi kansa. An shafe shi da laka sumul, amma daga ciki lakar ta ɗan ɓanɓare. Ina bayansa. Na ga ya tsaya a sunkuye, rabi a ciki rabi a waje, yatsunsa suna wasa a wuri ɗaya.

"Ka shiga mana, ko ƙofar ce ta kama ka?" in ji ni.

Ya shiga. Ya ci gurasa, ya sha abin sha, ya amsa addu'a. Sai da kowa ya watse, saura ni da shi, sannan ya ce:

"Adey Tsirha, dutsen kan ƙofarki daga ina?"

"Daga inda duwatsu suke fitowa."

"Kibrom ne ya kawo?"

"Da shanu biyu na aro, daga ramukan gabas. Duk garin nan da duwatsun rami aka gina shi, ka je ka tambayi kowa."

"Kowa ba shi da gurbi a tsakiyar nasa."

Ta ci gaba da wanke kofunanta. Na lura cewa duk bangon ɗakin tsohuwar laka ce, ta tsattsage, wurin nan kaɗai ake sabuntawa.

"Dutse ne, Aya Embaye," ta ce daga baya. "Yana riƙe da rufina. Ka cire shi, rufin ya sauko mini a ka, sai ka buga shi a jana'izata, kowa ya huta."

"Ba zan cire ba sai da abin da zai maye gurbinsa."

"To kawo. Kamu huɗu, miƙaƙƙe, wanda zai ɗauki ƙasar rufi. Ka duba ƙasar nan, in ka ga itacen da ya wuce sandarka tsawo ka gaya mini." Ta goge hannu. "Da hannunsa ya ɗora shi. Su huɗu suka ɗaga, shi ne a tsakiya, yana dariya."

Embaye ya ce ya sani. Ya ce shi ma ba zai so a taɓa ba in shi ne. Muka fito.

Gaskiya ta faɗa game da itace. Yaƙi ya cinye na daji, mu muka cinye sauran da gatari muka yi gawayi. Itatuwan turaren da ake kawowa daga birni sirara ne, na rufin kwano, ba za su ɗauki rufin ƙasa ba. Wani dutse mai tsawon nan kuwa, Embaye ya fi kowa sanin babu, ya taɓa su duka. Itace miƙaƙƙe mai ƙarfi wuri ɗaya ya rage a duk yankin, kuma shi ne mai gadinsa.

Muka je wajen Keshi Beraki. Yana zaune a ƙofar gida yana korar ƙuda da wutsiyar doki. Muka sumbaci gicciyen hannunsa, Embaye ya faɗi abin da ya kawo mu, a taƙaice. Keshi ya yi murna da jin an ga dutsen, har ya share ido. Da aka zo maganar itace sai fuskarsa ta koma daidai.

"Itacen Mika'ilu aikin Mika'ilu yake yi."

"Wannan ma aikinsa ne, Abba. Muryarsa za a fanso."

"Za a sa shi a gidan da ake kwana ana tashi, akuya tana haihuwa a ƙarƙashinsa. Kai ne za ka zo mini da wannan, Embaye? Kai da ka zare reshe daga murhun mutane?"

"Ni ne."

"In ɗaga murya ne, ko kana jina?"

"Ina ganin bakinka."

Keshi ya ce shi ba shi da ikon wannan, zai rubuta wa na sama da shi a birni. Ya rubuta kuwa, na ga takardar. Aka yi girbi, aka yi azumi, aka sha ruwa, amsa ba ta zo ba. Ba na zargin kowa, coci nawa suka rushe a ƙasar. A cikin watannin nan na ga yadda Embaye ya daina juyowa in an kira shi daga baya. Karnuka suna haushi a gefensa yana tafiya abinsa. In za ka yi masa magana sai ka zo dama da shi, ka kusa, kamar mai raɗa amma da ƙarfi.

Wata Talata da hantsi ina gyaran kuyyar gona sai na ji sara daga sama. A tsauninmu sauti yana gangarowa da kyau. Kowa ya ji. Mata suka fito ƙofa suna kallon sama. Na hau da sauri gwargwadon gwiwoyina. Na same shi ya tuɓe takalmi, ya ɗaura mayafinsa a ƙugu kamar mai shiga addu'a, yana saran wani tsihdi daga gefen yamma, wanda tsagin igwa ya riga ya ji wa ciwo a sama. Bai zaɓi dare ba, bai zaɓi ranar kasuwa da gari ba kowa ba.

"Ka haukace?" na ce masa a kunne.

"Riƙe igiyar nan, kada ya faɗa kan katanga."

"Ni ba ruwana."

"Ba ruwanka. Riƙe."

Na riƙe. Itacen ya kwanta a hankali, ƙamshinsa ya cika wurin. Embaye ya yanki kamu biyar daga gindin, sauran ya jawo su cikin cocin ya jera, har ƙananan rassa, ya ce na rufi ne wata rana.

Washegari aka taru a ƙarƙashin bishiyar da aka rataye ɓawon igwa. Ba a taɓa taruwa haka ba tun dawowarmu. Wasu sun zo da fushi, wasu kuma, in ka dubi idonsu, lissafin gawayi suke yi. Keshi Beraki ya tsaya da gicciyensa. Tsoho ne mai taushin zuciya, ya san batun kunnen. Ya yi doguwar magana a kan laifi da niyya, sannan ya yanke: itacen da aka riga aka sare a yi aikin da aka sare shi dominsa, Embaye kuma kwana bakwai ba zai taka cikin katangar coci ba, ba zai taɓa komai na coci ba.

Embaye bai ji ba. Na sunkuya na faɗa masa. Ya miƙe tsaye.

"Bakwai, Abba?"

"Bakwai."

"Tsihdi mai shekara ɗari biyu, kwana bakwai. Weldu, kai nawa za ka saya a wannan farashin?"

Aka yi dariya, Weldu ya ce shi me ya yi.

"Mutanen nan ba su hau sama ba shekara uku, ba wanda ya hana su. In ka ce musu kuɗin itace kwana bakwai ne a waje, kafin damina kurmin ya zama fili. Arba'in, Abba. Da azumi. Kuma rabon hatsin gadi na bana a bar shi a coci."

Keshi ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, amma dole ya ɗaga don a ji shi, sai duk muka ji.

"Ɗana, kwana arba'in da yawa ne a wajenka."

"Na sani. Shi ya sa za su tuna."

Aka bar shi a arba'in.

Cire dutsen ya ci mana wuni guda. Muka tokare rufin Adey Tsirha da gwafanni, magina suka buɗe bango daga gefe biyu. Ita ta fitar da kujerarta waje ta zauna ta ba mu baya tana tsince wake. Da dutsen ya fito, kafin a ɗora shi a kan sanduna, ta taso da ruwa a ƙwarya ta wanke lakar da hannunta, tun daga wannan kai har wancan. Ba wanda ya hanzarta ta. Aka sa itacen a gurbin, ya zauna daram, jajir da shi.

"Yanzu kuma ɗakina zai riƙa ƙamshin coci," ta ce. "In na yi zagi a ciki, alhakin a wuyanka, Aya Embaye."

"Ki fito waje ki yi."

Mu takwas muka hau da Uwar, muna hutawa. Embaye yana biye da mu, bai sa hannu ba tunda an hana shi. Da muka iso ƙofar katanga ya tsaya. Katangar nan igwa ta rushe ta a wuri uku, akuya ma ratsawa take yi, kuma ba mai gadi sai shi. Ya sumbaci dutsen ƙofar, ya koma gefe ya zauna. Daga can yake ba da umarni: a jiƙa igiyar fata tukuna, a ɗaure a kamu ɗaya daga kowane kai, kada ta taɓa komai. Muka kafa sabbin gwafanni muka rataye ta. Ba wanda ya buga. Aka tsaya ana kallon juna.

Na fito na same shi.

"Ta hau. A jira ka?"

"Kwana talatin da shida? A'a. Gobe Lahadi. Kai za ka buga."

"Ni ban taɓa ba."

"Shekara sittin kana kallona, ko jaki ya koya." Ya ciro ɗan dutsen nan daga aljihu ya sa mini a hannu. "Uku a hankali, ka numfasa, sannan bakwai a jere. A cikin gurbi. Kada ka doke ta kamar kana fasa ƙwallon goruba, ka bar hannun ya dawo da kansa."

Da gari ya waye na same shi ya riga ni. Bai tsaya wajen ɓaraka ba inda zai hango ni. Ya zagaya gabas, inda katangar take da sauran tsawonta har ta fi shi, domin nan ne mafi kusa da dutsen. Ya manna kafaɗarsa ta dama da bango. Na shiga ni kaɗai, na tuɓe takalmi. Na buga.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Muryar ba ta canja ba. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya daga cikin cocin. Na yi ukun, na numfasa, na yi bakwai ɗin, na tsaya har sautin ya gama sauka kwari. Sannan na fita na zagaya. Yana nan yadda na bar shi, idonsa a rufe. Na taɓa shi.

"Na huɗu a cikin bakwai ɗin," ya ce, "ka kauce ƙasa."

"Hannuna ne ya zame."

"Na shida ma."

"To malam, ka shiga ka yi da kanka."

"Nisa take," ya ce, "kamar daga Adi Zeray ake bugawa. Amma ita ce." Ya zauna a gindin bango, ya ja mayafinsa ya rufe fuska, ni kuma na tafi duba igiyoyi, na daɗe ina dubawa.

Ran nan mata biyar suka hau, da tsoho ɗaya. Suka tsaya a farfajiya da fararen mayafansu suna fuskantar bangon da ba rufi, suka yi abin da suka iya na addu'a ba liman. Adey Tsirha ba ta cikinsu. Ta hau a Lahadi ta uku.

Kullum da safe a kwanakin nan ni nake bugawa, shi yana bayan bango. Da farko yana ƙirga mini kurakurai. Wajen kwana na ashirin ya rage zuwa cewa na yi ko ban yi ba. Wata safiya na gama na zagayo, sai ya ce, "Me kake jira? Rana ta fito." Ban ce masa na riga na buga ba. Na koma na sake bugawa, mutanen ƙasa suka ɗauka mutuwa aka yi. Da na fito ya dube ni, ya dubi tattabarun da ke shawagi a sama, ya gyaɗa kai. Bai sake tambayata ba.

Ran da arba'in ta cika Keshi Beraki ya hau da kansa, a kan jaki, ya yi masa addu'a a bakin ƙofa ya shigar da shi. Embaye ya karɓi ɗan dutsensa. Shekara shida ya yi yana bugawa bayan haka, ba ya jin komai, tafin hannunsa na hagu a jikin azara yana karɓar rawar. Waɗanda suka sani sun ce bai taɓa kauce wa gurbi ba.

Ba zan ce gari ya koma sama ba, bai koma ba, ruwa yana ƙasa. An rufe kusurwar gabas da sauran itacen nan da kwanon da 'ya'yanmu na waje suka aiko. Tabot yana zuwa sau ɗaya a shekara, ranar babban idin Mika'ilu, ya kwana biyu a ɗakinsa a mai da shi Adi Zeray. Keshi na yanzu ya ce in an gama bangon arewa za a duba maganar. Amsar takardar nan ta zo daga baya, bayan shekara biyu, tana cewa kada a sare.

Embaye ya rasu a farkon wata damina, yana da saba'in da tara, bayan jinyar kwana huɗu. 'Ya'yansa sun so a binne shi a ƙasa kusa da hanya, don su riƙa zuwa da mota. Dattawa suka ce a'a. Ɗaukar gawa zuwa ƙololuwa ba ƙaramin aiki ba ne, ga shi dogo, ga santsin ruwa. Sai da aka canja masu ɗauka sau shida, kuma ba a rasa kafaɗa ba.